Raba mutum da wahalarsa: jiyya ta hanyar labari da taimakon juna a lokacin masifa

0. Gabatarwa

Kowace shekara ɗalibanmu suna fita bincike cikin karkara da wuraren da ƴan gudun hijira suka sauka, ɗauke da takardun tambayoyi. Galibin tambayoyin iri ɗaya ne: me ya same ku, mutum nawa kuka rasa, bisashe nawa aka kora, sau nawa kuke cin abinci a yini. Ma'aikatan agaji sun riga sun yi wa mutanen waɗannan tambayoyi, ƴan jarida ma sun yi, sa'an nan ɗalibi ya zo ya maimaita. Wanda aka tambaya sau goma abin da ya rasa, ba a taɓa tambayarsa ko sau ɗaya yadda ya yi ya fito da iyalinsa da rai ba, a ƙarshe shi ma sai ya riƙa ɗaukar kansa mai hasara kawai.

Wuraren da ake yin irin wannan hira suna da yawa a ƙasarmu. Tun harin da aka kai Boso da Difa ranar 6 ga Fabrairu 2015, dubban iyalai suka bar garuruwansu a gabashin ƙasa. Daga 2019 dubun-dubatar mutane suka ƙetaro daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jahar Maraɗi, musamman gundumar Gidan Runji, suna gudun ƴan bindiga. A watan Maris 2021 an kashe mutum 137 a yankin Tiliya na jahar Tawa. Ambaliyar damanar 2024 ta ci rayuka fiye da 300, har ta rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram. Wani lissafi da Hukumar lafiya ta duniya (OMS) ta fitar a 2019 ya nuna cewa a inda aka yi fama da yaƙi, kimanin kashi 22 cikin 100 na mutane suna ɗauke da wata damuwa ta ƙwaƙwalwa, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Likitocin wannan fanni kuwa kaɗan ne ƙwarai a Nijar, kuma akasarinsu a Yamai suke.

A cikin wannan maƙala za mu yi bayanin wata hanyar taimako da ake kira thérapie narrative da faransanci, wadda muka fassara da jiyya ta hanyar labari. Za mu duba asalinta da yadda take aiki, mu ga yadda aka fitar da ita daga ɗakin mai ba da shawara zuwa dandali, sa'an nan mu auna ta da abin da Hausawa suka daɗe suna yi. Ra'ayin da muke karewa shi ne: rabin wannan aiki yana nan cikin harshenmu da al'adunmu, sauran rabin kuwa ya dogara ga irin tambayar da mai bincike ko mai agaji ke yi.

1. Asalin hanyar

Mutum biyu suka aza harsashinta cikin shekarun 1980: Michael White, ma'aikacin kula da iyalai a birnin Adelayid na Ostareliya, da David Epston na birnin Okland a Niyu Zilan, wanda ya yi karatun ilimin al'adu kafin ya shiga wannan aiki. An kafa cibiyar Dulwich a Adelayid a 1983, kuma littafin da suka rubuta tare, wanda ya fito a Amurka a 1990, shi ya yaɗa hanyar a duniya. White ya rasu a 2008.

Sun ɗebo tunaninsu daga wurare uku. Daga Jerome Bruner suka ɗauki cewa ɗan Adam yana fahimtar rayuwarsa ne ta hanyar jera abubuwan da suka faru gare shi su zama labari, mai farko da tsakiya da inda ya dosa. Daga Michel Foucault suka ɗauki cewa sunayen da masana da hukumomi ke laƙaba wa mutane suna da ƙarfi, har mutum yakan karɓi sunan ya riƙa auna kansa da shi. Daga Clifford Geertz kuma suka aro bambancin da ke tsakanin siririn bayani da bayani mai kauri. Siririn bayani shi ne a ce wance gwauruwa ce mai ɗiya shida, ba ta da komai. Bayani mai kauri shi ne wanda ya haɗa har da wanda ya raine ta, da sana'ar hannunta, da abin da ta ƙi yarda ta yi ko da yunwa ta matsa, da mutanen da suke shaidarta.

Abin da ya biyo baya a fili yake. Rayuwar mutum ta ƙunshi abubuwa da yawa fiye da waɗanda labari guda zai iya ɗauka. In masifa ta faɗo, labarinta yakan danne sauran, ya zama shi kaɗai ake ji. Aikin mai jiyya shi ne ya taimaki mutum ya tono abubuwan da aka danne, waɗanda suka faru da gaske, ya jera su har su zama labarin da zai iya tsayawa kansa.

2. Matakan aikin

2.1. Raba mutum da matsala

Mataki na farko shi ne a daina magana kamar mutum shi ne matsalar. White ya fara gwada wannan da yara masu yin kashi a wando, waɗanda iyaye suka gaji da su, su kuma kunya ta rufe su. Sai ya sa yaro ya raɗa wa abin suna na ban dariya, a riƙa maganarsa kamar wani ɗan ɓarna mai shigowa gida a ɓoye. Daga nan tambaya ta sauya: yaushe yake zuwa, wace dabara yake yi, yaushe ka taɓa kayar da shi. Yaro da iyayensa suka koma gefe guda, matsala tana ɗaya gefen. Haka ake yi da baƙin ciki, da tsoro, da zargin kai.

2.2. Neman labari na biyu

White ya nace a kan cewa babu wanda masifa ke faɗa wa ya zauna bai yi komai ba. Ko wanda ya gudu ya zaɓi hanyar da zai bi, ya zaɓi abin da zai ɗauka, ya rufe bakin jariri don kar a ji su. Saboda haka mai saurare yana buɗe kunne biyu: ɗaya ga abin da aka yi wa mutum, ɗaya ga abin da mutum ya yi. Duk wani ƙaramin abu da bai dace da labarin hasara ba, sai a tsaya kansa a yi tambaya: yaya aka yi ka iya, wa ya koya maka, me wannan ke nunawa game da abin da ka ɗauka da daraja.

2.3. Shaidu

Labarin da mutum ya ba kansa shi kaɗai ba ya daɗewa, sai an samu masu ji. Nan White ya bi sawun Barbara Myerhoff, masaniyar al'adu da ta yi aiki cikin shekarun 1970 da tsofaffin Yahudawa ƴan asalin gabashin Turai mazauna Kalifoniya, waɗanda suka riƙa shirya taruka don a gan su a kuma ji tarihinsu. A tsarin White, bayan mutum ya ba da labarinsa, shaidu sukan faɗi kalmar da ta fi tsaya musu a rai, da abin da ta nuna musu game da mai maganar, da abin da ta tuna musu cikin rayuwarsu, da abin da suka ƙaru da shi. Ba a yarda su yi yabo ko nasiha ba, domin mai yabo da mai nasiha duka suna ɗora kansu sama da mai labari.

2.4. Mayar da mamata cikin labari

A lokacin da yawancin masana a Turai da Amurka ke cewa maganin makoki shi ne a saki mamaci a ci gaba da rayuwa, White ya rubuta a 1988 cewa sau da yawa abin da ke taimako shi ne a dawo da shi cikin zance: me ya gani a wurinka da wasu ba su gani ba, me ka ba shi a rayuwarsa, me zai ce da ya ga yadda ka riƙe gida bayansa.

3. Daga ɗaki zuwa dandali

In gari guda ya ƙone, ba a iya zama da kowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya sa aka nemi yadda za a yi aikin da jama'a gaba ɗaya. Misalai huɗu sun isa.

A Ostareliya, bayan hukumar binciken da ta duba mutuwar ƴan asalin ƙasar su 99 a hannun ƴan sanda da gidajen kaso ta miƙa rahotonta a 1991, an tara iyalan wasu daga cikin mamatan a 1994 a wani wuri da ake kira Kurong, a kudancin ƙasar. Iyalan suka yi magana, ƙungiyar masu saurare ta maido musu da abin da ta ji game da juriyarsu da iliminsu na warkar da juna, aka rubuta, aka mayar musu don su gyara.

A Malawi, cikin tsakiyar shekarun 1990, Yvonne Sliep da wasu masu ba da shawara na ƙasar sun shirya wani wasa a ƙauyuka. Mutum ɗaya yakan fito a matsayin Sida kanta, jama'a su yi ta yi mata tambaya: me kike so da mu, ta ina kike shigowa, me ke ƙara miki ƙarfi. Ita kuma ta amsa da alfahari cewa rarraba dangi da tsegumi da ƙyamar marar lafiya su ne abincinta. Sai wani ya fito a matsayin haɗin kan gari, ya miƙa kara ɗaya a karya, sa'an nan ya miƙa dami a kasa karyawa. Abin da ba a iya faɗa game da maƙwabci sai ga shi ana faɗarsa game da cutar.

A Ruwanda, inda aka kashe kimanin mutum 800.000 cikin kwana 100 a 1994, ma'aikatan ƙungiyar Ibuka ta waɗanda suka tsira sun yi aiki da mutanen cibiyar Dulwich a 2007. Suka tattara cikin takarda guda hanyoyin da waɗanda suka tsira ke bi suna rayuwa, da kalmomin bakinsu, don a karanta wa wasu masu irin halin. David Denborough, wanda ya tsara wannan salo cikin littafinsa na 2008, yana bin tambayoyi huɗu: mene ne abin da ke riƙe ku lokacin wuya, ku ba mu labarin ranar da ya yi muku amfani, daga wa kuka koya, kuma da wace al'ada ta gidanku ko ta garinku yake da dangantaka.

Na huɗu shi ne Itacen Rayuwa, wanda Ncazelo Ncube, masaniyar halayyar ɗan Adam ƴar Zimbabuwe, ta tsara tare da Denborough, aka wallafa a 2006. Ta lura cewa marayun da Sida ta bari, in aka ce su ba da labarinsu, sai kuka ya ɓarke a rasa mai tsayar da shi. A sabon tsarin kowane yaro yakan zana itace: saiwa ita ce asalinsa, ƙasa ita ce inda yake zaune da abin da yake yi kullum, gangar itace abubuwan da ya iya, rassa burinsa, ganye mutanen da ke da muhimmanci gare shi, rayayyu da matattu, ƴaƴan itace kuma kyaututtukan da aka taɓa yi masa. Ana liƙa zanen duka a bango su zama daji. Sai bayan haka ake maganar guguwar da ke faɗa wa daji, da yadda itatuwa da tsuntsaye ke yi in ta taso. Jerin yana da dalili: ana ba yaro wurin tsayawa kafin a taɓa ciwon.

4. Abin da ke akwai a ƙasar Hausa

4.1. Harshe

Abin da White ya sha wahalar koya wa masu jin ingilishi, hausa tana yin sa ba tare da an koya mata ba. Mukan ce yunwa ta kama ni, zazzaɓi ya kayar da shi, tsoro ya shige ta, baƙin ciki ya rufe su, talauci ya yi masa katutu. A duk waɗannan jimloli wahala ce mai aikatawa, mutum kuwa shi ne wanda aka auka wa. Wahala baƙuwa ce, tana zuwa, tana kuma iya saki.

Amma harshen yana da wata hanya ta biyu, wato sunayen da ake ginawa da ɗafa-goshin ma-: matsiyaci, mabaraci, mahaukaci, mayunwaci. Nan an narkar da mutum da halinsa sun zama abu guda. Mu kwatanta jimlolin nan biyu:

(1) Tsiya ta same shi bana.
(2) Matsiyaci ne.

Jimla ta (1) tana da lokaci, tana barin ƙofa a buɗe ga baɗi. Jimla ta (2) hukunci ce. Haka nan ɗan gudun hijira: manomi ne ko maƙeri ko malamin allo shekara arba'in, gudun kwana uku ya shafe masa wannan duka a bakin mutane da cikin takardunmu. Mai bincike yana da zaɓi tsakanin hanyoyin nan biyu duk lokacin da ya buɗe baki.

4.2. Sunayen yunwa

Manoman ƙasar Hausa sun daɗe suna raɗa wa manyan yunwa suna. Ta 1913-1914 ana kiran ta Kakalaba. Ta 1942 a wasu sassan arewacin Najeriya ana ce mata Ƴar Gusau. Ta 1984-1985 a kudancin Nijar ita ce El Buhari, wato Ƴar Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin soja ta lokacin ta yi daga Afrilu 1984, ba a buɗe ba sai 1986. Boureima Alpha Gado, cikin littafinsa na tarihin yunwa a Sahel da ya fito a 1993, ya nuna cewa Zabarmawa ma haka suke yi, da Michael Watts wanda ya bi na arewacin Najeriya cikin nasa na 1983.

Wannan raɗin suna shi ne matakin farko da muka bayyana a 2.1., sai dai na gari ne gaba ɗaya. In aka ce El Buhari ce ta cinye garken wane, an ɗauke laifi daga kansa. Maigidan da ya kasa ciyar da iyalinsa a shekarar ba rago ba ne, abin da ya faɗa wa kowa ne ya faɗa masa. Sunan kuma yana sa wa masifa iyaka: ta zo, ta wuce, har ana lissafin shekarun haihuwa da ita.

4.3. Wuraren zama da shaidu

Wuraren da ake sauraren juna ma ba a rasa su ba. Akwai zaman makoki da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, inda ake ambaton alherin mamaci a gaban iyalinsa. Akwai mayar da sunan kaka ga jika, wanda ke riƙe mamaci cikin gida. Akwai fada ta samari, wadda ta yaɗu a birane tun shekarun 1990. Akwai asusun mata, musamman ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991, inda mata ke haɗuwa kowane mako su zuba kuɗi, su ba juna bashi, su kuma ji halin da kowace ke ciki. Akwai wasan taubasai da na tsakanin ƙabilu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, wanda ke ba da damar faɗin magana mai nauyi cikin raha. Duk mai son yin aiki da jama'a, nan ya kamata ya fara. Kafa sabon kwamiti a gefen waɗannan ɓata lokaci ne.

4.4. Abin da ke ɓacewa

Inda giɓin yake shi ne labari na biyu. Sunan yunwa yana adana wahalar, amma dubarun da aka yi aka tsira ba su da suna, kuma sau da yawa kunyarsu ake ji. A matsalar cimaka ta 2005, wadda ta biyo bayan fari da fara na 2004, duniya ta ga hotunan yara masu tamowa a Maraɗi, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jiyyar fiye da yara 60.000 a ƙasar cikin shekarar. Binciken da cibiyar LASDEL ta Yamai ta yi daga baya ya nuna cewa abin da ya fi riƙe gidaje shi ne ƙoƙarin mutane da kansu: tafiya biɗa da aiken da ƴan biɗa ke yi, sayar da bisashe, ƙwadago a gonar wani, bashi, da ganyayen daji. Sarrafa anza har ɗacinta ya fita a ci aiki ne na kwanaki, ilimi ne da uwa ke koya wa ɗiyarta. Amma wadda ta yi shi takan ɓoye, don alamar rashi ce.

Misali mafi girma shi ne na El Buhari kanta. A shekarun nan ne manoman jahar Maraɗi suka fara barin tohon kututturan itatuwa cikin gonakinsu suna gyara shi maimakon sarewa, abin da ake kira sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo da abokan aikinsa suka yaɗa ta hanyar aiki don cimaka. Daga baya manoma suka riƙa koya wa juna. Masu binciken da suka kwatanta hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta a 2009 cewa abin ya kai hekta miliyan 5 a jahohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Ga shekara guda mai labari biyu, na hasara da na dubara, dukansu gaskiya. Na farkon ne kaɗai ya samu suna a bakin jama'a.

Tsarin agaji yana ƙara danne labari na biyu. In takardar tambayoyi ce ke yanke wanda zai samu buhu, duk mai hankali zai ɓoye akuyarsa da ɗan da ke aiko masa da kuɗi daga Legas. Ba ƙarya ce ta ɗabi'a ba, lissafi ne. Amma in aka shekara goma ana wannan, gari yakan koyi ba da labarin kansa ta fuska guda.

5. Misalin tambaya

Ga wata gajeruwar hira da muka ƙirƙira don nuna salon, tsakanin ɗaliba da wata tsohuwa da ta yi gudun hijira:

Ɗaliba: Inna, kun ce tun da kuka zo nan tunani ya hana ku barci. Wane lokaci ya fi zo muku?
Tsohuwa: Bayan lisha, ɗiyata, in gida ya yi tsit.
Ɗaliba: In ya zo me yake ce muku?
Tsohuwa: Cewa yake ni na ce a tsaya a kwashe hatsi, da mun tafi tun da rana da ba a rutsa da mu ba.
Ɗaliba: Akwai daren da ya zo bai samu wuri ba?
Tsohuwa: In jikokina sun matsa mini sai na yi musu gatana, har in yi barci ban sani ba.
Ɗaliba: Wa ya koya muku gatanar nan, Inna?
Tsohuwa: Kakata ta wajen uwa. Ita ta riƙe mu shekarar da babanmu ya tafi bai dawo ba.
Ɗaliba: Da tana ganin ku yau da yaran nan, me kuke jin za ta ce?

Abubuwa uku za mu lura da su. Ɗalibar ba ta nemi a ba ta labarin daren harin ba. Ta ɗauki kalmar tsohuwar, wato tunani, ba ta musanya ta da sunan wata cuta ba. Kuma ba ta ce mata ki yi haƙuri ko ba laifinki ba ne, ta bar ta ta gano da kanta cewa abin da kakarta ta yi shi take yi.

6. Iyakokin hanyar

Na farko, labari ba ya maye gurbin hatsi. Jagorar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan ƙungiyoyin agaji suka fitar tare a 2007 ta jera taimako hawa huɗu: a ƙasa tsaro da cimaka da ruwa da makwanci, bisa su tallafin dangi da na gari, sa'an nan taimakon ma'aikatan da aka horar, a can sama kuma aikin likitoci ƙwararru. Abin da muke magana kansa yana hawa na biyu da na uku. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Haka kuma yabon dubarar talaka bai kamata ya zama hujjar da hukuma za ta janye hannunta ba, ko a bar maganar wanda ya yi ɓarna. Raba mutum da matsala ana yin sa ne ga wanda aka zalunta, ba don a wanke azzalumi ba.

Na biyu, tilasta wa mutum ya yi magana yana iya cutarwa. An daɗe ana tara waɗanda haɗari ya rutsa da su a zama guda, a sa kowa ya faɗi abin da ya gani daki-daki. Nazarin da cibiyar Cochrane ta yi a 2002 na gwaje-gwajen da aka yi ya nuna cewa wannan ba ya hana ciwon firgita, wani lokaci ma yana ƙara shi, kuma OMS ta ba da shawarar a daina. A wurinmu ga kunya ga kara: ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Matar da aka yi wa fyaɗe, ko wanda ɗansa ya bi ƴan bindiga, dandali ba wurin maganarsu ba ne. Shirun mutum ma amsa ce, a girmama ta.

Na uku, kada a rikita wannan hanya da wata mai kama da ita a suna, wadda Frank Neuner da Maggie Schauer da Thomas Elbert na jami'ar Konstanz ta Jamus suka tsara. A tasu, ana shimfiɗa igiya a matsayin rayuwar mutum, a aza furanni a wuraren farin ciki da duwatsu a wuraren masifa, sa'an nan a bi kowane dutse filla-filla tare da mai jiyya. A gwajin da suka wallafa a 2004, wanda aka yi da ƴan gudun hijirar Sudan su 43 a sansanin Imbepi na Yuganda, bayan shekara guda kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka yi wa wannan jiyya ne suka rage da ciwon, alhali a sauran rukunai biyun kashi 79 ne da kashi 80. Wannan magani ne na ciwo takamaimai, yana bukatar horo da sa ido. Hanyar White da Epston kuwa, gwaje-gwajen da aka yi mata masu rukunin kwatanci kaɗan ne kuma ƙanana, shaidarta ta fi yawa cikin rahotannin masu aiki da ita. Saboda haka wanda ya daina ci, ko yake jin muryoyi, ko yake maganar kashe kansa, gidan likita za a kai shi.

Na huɗu, rubutu yana da haɗari inda rikici bai ƙare ba. Takardar da ke ɗauke da sunan mutum da na ƙauyensa da yadda ya tsere tana iya faɗawa hannun da bai kamata ba. A cire sunaye, a karanta wa masu labari kafin a fitar, su ne masu cewa a bari ko a goge.

7. Kammalawa

Mun ga cewa jiyya ta hanyar labari ta tsaya kan abubuwa uku: raba mutum da wahalarsa, tono abin da ya yi don ya tsira, da samar masa shaidu. Na farko da na uku suna nan cikin nahawun hausa, da sunayen yunwa, da zaman makoki, da asusun mata. Na biyun ne ke bukatar mai tambaya.

Muna ba da shawara uku ga malamai masu duba ayyukan ɗalibai. Duk takardar tambayoyi da ta ƙunshi sashen hasara, ta ƙunshi kuma sashen dubara, da tambayar daga wa aka koya. Ɗalibi ya bayyana tun farko cewa hirarsa ba ta da alaƙa da rabon agaji, kuma kada ya yi ta a ranar da ake rubuta sunaye. In aikin ya ƙare, a koma garin a karanta wa mutane abin da aka rubuta, cikin harshensu, a wurin da suka saba zama.

Akwai kuma aikin da ke jiran sassan harshe da tarihi da ilimin zaman jama'a su yi shi tare: tattara sunayen shekarun wahala gunduma gunduma, daga Arewa da Adar zuwa Gobir da Katsinar Maraɗi da Damagaram, kowane suna tare da dubarun da aka yi a shekararsa. Waɗanda suka riƙe gida a yunwar 1973-1974 sun haura shekara saba'in, waɗanda suka ga El Buhari da girmansu ma sun manyanta. In ana son jin labarin daga bakinsu, lokacin da ya rage ba shi da yawa.